Zan iya ɗora waƙoƙi a shafina in samu kuɗin talla?

Tambaya: Ina da shagon tura waƙoƙi da cajin waya a Kano. Na buɗe shafin intanet nawa, ina so in riƙa ɗora waƙoƙin Hausa jama'a na saukewa kyauta, ni kuma in samu kuɗin talla. Yawancin waƙoƙin da kuɗina na saya, wasu kuma mawaƙan ne suka turo min ta WhatsApp. Akwai matsala?

Amsa: Akwai kuwa, ɗan'uwa, kuma gara ka ji tun kafin ka zuba jarinka.

Kuɗin da ka biya na sauraro ne. Ikon yaɗa waƙar yana nan a hannun mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ambaci intanet ƙarara: wanda ya ɗora aikin wani don neman kuɗi ba da izini ba, yana fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Cewa jama'a kyauta suke saukewa ba zai fisshe ka ba, tunda tallar tana kawo maka kuɗi.

Inda 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe shi ne zaton waƙa mai ita ɗaya ne. Sau da yawa biyu ne, ko fiye. Akwai wanda ya tsara baitoci da karin, akwai kuma wanda ya ɗauki nauyin naɗar ta a situdiyo. Waƙar fim, alal misali, galibi furodusa ya riga ya biya ya mallake ta, don haka ko mawaƙin ya turo maka da hannunsa, mai yiwuwa ya ba ka abin da ya fita daga hannunsa. Ka tambaye shi kai tsaye: waƙar nan taka ce har yanzu, ko ka sayar?

Tsofaffin waƙoƙi ma ba na kowa da kowa ba ne. Haƙƙin mai waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga haƙƙin waƙoƙinsa bai ƙarewa sai ƙarshen 2069. Wannan gadon marayu ne, kuma ni abin yana damuna ƙwarai yadda muke cin sa ba ko sallama.

Tun kafin a kai ga kotu ma asara za ta iya samunka. Takardar ƙorafi guda ta isa ta sa kamfanin da ke ajiye maka shafin ya cire waƙar, in abin ya yawaita ya rufe shafin baki ɗaya. Google AdSense kuma, wato tsarin Google da ke biyan masu shafi kuɗin talla, ba ya yarda a sa tallarsa a kan kayan da aka ɗora ba izini.

Da ni ne kai, da matasan mawaƙa zan fara, waɗanda ke neman a ji su. Ku rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce: sunan waƙa, izinin sauraro ne kaɗai ko har da saukewa, tsawon lokaci, da kason kowa a kuɗin talla. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. In kana so waƙar ta zama a shafinka kaɗai, doka ta wajabta rubutu, maganar baki ba ta isa ba.

Manyan mawaƙa kuwa, kada ka ɗora fayil ɗinsu. Ka jawo waƙar cikin shafinka daga tasharsu ta YouTube ko Audiomack, ta hanyar da dandalin ya tanada. Mai ziyara zai saurara a wurinka, lissafin masu sauraro ya tafi gun mai waƙa. In kana son lasisin waƙoƙi masu yawa, ka tuntuɓi ƙungiyar MCSN, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin mallakarsu a Najeriya, amma ka nemi ganin jerin mawaƙan da take wakilta kafin ka biya ko kwabo.