Amsa Kan Noma a Hanyar Bututun Iskar Gas

Malam, ka tambaya ko sabbin ƙa'idojin tsaro da ake shirin kawowa za su hana ka noma ɓangaren gonarka da bututun gas na AKK (Ajaokuta–Kaduna–Kano) ya ratsa. Daftarin ƙa'ida ba ya hawa kan kowa sai hukumar NMDPRA, mai sa ido kan sarrafawa, jigila da rarraba man fetur da gas, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ta tabbatar da shi. Abin da ya ɗaure ka a yau shi ne sharuɗɗan filin da aka keɓe wa bututun aka kuma biya diyyarsa: kada ka haƙa rijiya, kada ka yi gini, kada ka dasa mangwaro ko darbejiya a kansa.

Dalili kuwa shi ne, wannan bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano an yi shi ne don ɗaukar gas mai tsananin matsi, kuma haƙa ba tare da izini ba na cikin manyan abubuwan da ke fasa irinsa. A ƙauyenmu, kafin mu shigo da tarakta ko mu ƙona kara bayan girbi, mukan je wurin dagaci ya haɗa mu da jami'an bututun, su nuna mana iyakar alamomin.