Rashin cin abincin safe: gado ne ko sabo?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. Da safe ko ƙamshin koko ba na son ji, haka nake shiga laccar ƙarfe 8 ban sa komai a ciki ba. Amma ƙarfe 11 na dare na yi yunwa za ta taso, sai na dafa Indomie da ƙwai. Umma ta ce haka Baba yake tun yana saurayi. Gado ne? Ga ƙiba na ƙara a bana.
Daga wata ɗaliba, Zariya

Amsa: 'Yata, Umma ta yi gaskiya, amma kada ki ɗora wa Baba laifin duka.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan gungun ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 da ke aikin agogo. Ido ne ke kai musu labarin haske, su kuma idan duhu ya yi su sa a saki melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci. Ƙwayoyin gado ne ke juya wannan agogo, kuma a kan gano hakan aka ba Amurkawa uku, Hall da Rosbash da Young, kyautar Nobel a 2017.

To nawa ne rabon gado? Wani bincike na 2019 ya duba mutum kusan 700,000, ya gano wurare 351 a ƙwayoyin gado da ke da hannu a zama mai sammako ko mai raba dare. Amma tsakanin waɗanda suka fi kowa gadon sammako da waɗanda suka fi rashinsa, tazarar lokacin barci minti 25 ce kacal. Minti 25 ba za su kai ki ƙarfe 1 na dare ido biyu ba.

Shekarunki sun fi taka rawa, domin wajen shekara 20 ne agogon mutum ya fi jinkiri. Sai hasken waya da fitilar karatun dare. A 2013 an kai wasu mutane daji a jihar Kolorado ta Amurka, mako guda ba lantarki, agogonsu ya matso wajen sammako da kusan awa 2.

Indomie ɗin ce ta fi damuna. Idan melatonin ya hau, jiki ba ya sarrafa sukari kamar da rana, kuma wanda ya cika ciki da tsakar dare ina zai ji yunwa da safe? A Sifen, cikin mutum 420 masu neman rage ƙiba, masu cin abincin rana bayan ƙarfe 3 ba su kai masu ci kafin ƙarfe 3 raguwa ba.

Ki ci abincin dare tsakanin magariba da isha. In karatu ya ja, gyaɗa ko kofin madara ya isa. Gari na wayewa ki fita ki sha hasken rana, ki fara da ƙosai biyu ko ayaba, ko ba ki ji yunwa ba. Idan kuma kika ga yawan ƙishirwa da fitsarin dare, je asibitin makaranta a auna miki sukari.