Ina aikin nas, amma ƙungiyar nas-nas ta ƙi karɓa ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi karatun CHEW, wato na ma'aikatan lafiyar al'umma, a kwalejin fasahar lafiya, yanzu ina aiki a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu. Ni ke yin allura, ni ke awon ciki, har haihuwa nake karɓa, kowa nas yake kira na. Da na nemi shiga ƙungiyar ma'aikatan jinya, sai aka ce ba ni da gurbi. Wannan ba wariya ba ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima, domin a ƙauyuka da yawa ku ne kaɗai ke riƙe da lafiyar mata da yara. Sai dai abin da ya hana ki shiga lasisi ne, ba raini ba.

Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, NANNM, wadda aka kafa a 1977, ta waɗanda ke da rajista ce da hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, da dokar 1979 ta samar. Ke kuwa rajistarki tana hannun wata hukumar daban, ta ma'aikatan lafiyar al'umma, da aka kafa a 1992. Kuna da ƙungiyarku, NACHPN. Ki shige ta da ƙarfinki, a can ne za a tsaya miki kan albashi da ƙarin girma.

Kada kuma ki ɗauka waɗanda ke ciki kansu a haɗe yake. Akwai wanda ya yi shekara 3 a makarantar koyon jinya ya samu RN, wato shaidar nas mai rajista, akwai wanda ya yi shekara 5 a jami'a ya fito da digirin jinya na BNSc. Dukansu jarrabawar hukuma ɗaya suke zaunawa, lasisi ɗaya suke riƙe, amma matakin da gwamnati ke ɗaukar su aiki ya bambanta. Nan ne rigimar take. Masu digiri sun daɗe suna ƙorafin cewa ba a jin muryarsu yadda ya kamata, har suna da tasu ƙungiyar, UGONSA. Masu RN kuma haushinsu shi ne, su ke kwana a ɗakin marasa lafiya shekara da shekaru, sai yaron da suka koya wa sa ƙarin ruwa ya zo ya zama shugabansu. Ni dai wannan rabuwar tana damu na ƙwarai, saboda duk lokacin da aka zauna da gwamnati kan alawus, ita ke raunana mu ma'aikatan jinya. Sauya makarantun jinya zuwa tsarin difloma da babbar difloma (ND da HND) na shekara 4 ya rage tazarar, amma bai kashe gardamar ba.

Wanda ya koyi allura a asibitin kuɗi ba tare da makaranta ba, shi kam ba shi da lasisin kowace hukuma, kuma kada ki yarda a haɗa ki da shi.

In zuciyarki na kan zama nas mai rajista, shaidar CHEW ba ta rikiɗewa ta koma RN komai daɗewarki a bakin aiki. Sai kin koma kwalejin jinya ko jami'a ta hanyar JAMB. Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar NMCN ta amince da makarantar, domin in ba ta amince ba, ba za a bar ki ki zauna jarrabawar lasisi ba.