Wane tsarin DCC ya dace da ƙaramin layin dogo na gida?

Malam, ka ce kana da kawunan ƙaramin jirgin ƙasa na wasa guda uku na ma'aunin HO (wani ma'aunin girman irin waɗannan jirage) a kan tebur ɗaya, kana tambayar wace na'urar DCC za ka saya, wato na'urar da ke aika wa kowane jirgi umarninsa daban ta cikin dogo.

Fara lissafa wuta kafin ka kalli suna. Kowane kan jirgin HO yakan ja kusan rabin amfiya (ma'aunin wutar lantarki), mai sauti ya ɗan fi haka. Ukun naka ba za su fi ƙarfin NCE Power Cab mai amfiya 2 ba, amma in kana niyyar faɗaɗawa, Digitrax Zephyr Express ko Roco z21 masu amfiya 3 sun fi. Ita z21 da wayar hannu ma ake tuƙa ta. A ganina Power Cab ce ta fi sauƙin koyo.

Dikoda, wato 'yar na'urar da ke cikin jirgi tana karɓar umarni, ta kowane kamfani tana aiki da kowace na'urar DCC, don duk ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, suke bi. Abin da ba ya haɗuwa shi ne makunnin hannu da ake tuƙa jirgi da shi: na Digitrax ba ya shiga NCE.

Inda aka fi shan wahala shi ne haɗa waya. Ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, ka ba dogo wuta daga gare su kusan kowace mita ɗaya, don mahaɗan dogo suna sakewa su rage wuta. Sannan ɗora kwandala a kan dogayen biyu, a wuri mafi nisa. In na'urar ba ta katse wuta nan take ba, wayarka ta yi siriri.

Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, wato lambar da na'urar ke kiran jirgi da ita. Canza wa kowane jirgi tasa, shi kaɗai a kan layin saiti (guntun dogo da aka ware don saita dikoda), in ba haka ba duk su tashi tare. Kada ka bar jirgi marar dikoda tsaye a kan layin, injinsa zai yi zafi ya ƙone.