Kakan mahaifina bafataken Kano ne: ta ina zan fara neman danginsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A zangon Kumasi aka haife ni, nan kuma aka haifi mahaifina. Mun tashi muna jin cewa kakansa bafatake ne, ya zo fataucin goro daga Kano bai koma ba. Ba mu san unguwarsu ba. Ina shirin zuwa Kano in nemo dangi. Ta ina zan fara, kuma gwajin DNA zai yi mini amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye kuɗin mota tukuna. In ka sauka Kano yau ka ce kana neman gidan wani da ya tafi Gwanja shekara ɗari da ɗoriya, za a yi maka sannu da zuwa, a ba ka ruwa, shi ke nan. Aikin daga gidanku zai fara.

A zango, duk wanda ya biyo ayarin Kano Bakano ake ce masa, alhali madugu kan kwashi mutane daga Bebeji, Kura, Bichi, har da na ƙasar Katsina da Zazzau. Kuma ba lallai ne Kumasi kakan mahaifinka ya fara zama ba. A ƙarni na 19 Salga, a ƙasar Gwanja da ke arewacin Ghana ta yau, ita ce babbar kasuwar goro, ayari kan ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Yandi kafin ya isa. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara raguwa, sai yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, fatake suka bazu Kete-Krachi, Yeji, Kintampo da sauransu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ta haka ya bar Salga ya zauna Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Hausawa ba su cika Kumasi sosai ba sai bayan 1900. Don haka tambayar farko ita ce: daga wane zango ya iso Kumasi?

Amsar tana bakin tsofaffin mata, musamman gwaggonnin mahaifinka da waɗanda aka auro gidan da daɗewa. Su suka riƙe wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, wane yaro aka yi wa takwara da wa. Ka zauna da kowace ita kaɗai, ka ɗauki muryarta a waya, don in ka haɗa su babbar ce za ta yi magana sauran su gyaɗa kai. Kada ka tambayi shekara, ba wanda ya ƙirga. Ka tambayi abin da ake ciki lokacin da ya baro gida: basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ko zuwan Turawa Kano a 1903, ko yunwar Kakalaba ta 1914, ko annobar murar Marisuwa ta 1918?

Sai ka bi tsagar fuskarsa, da kirarin gidanku, da waɗanda kuke wasa da su. Fataucin goro ya fi ƙarfi a hannun Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma ana gane su da tsaga. Alhassan Ɗantata Ba'agale ne, a Bebeji aka haife shi. Kambarin Barebari kuwa cibiyarsu Gummi ce. In wata tsohuwa ta zana maka tsagar a ƙasa, ɗauki hotonta ka kai wa tsohon wanzami. Sau da yawa ya fi takarda sani.

Duba kuma gafakar Alƙur'aninsa in tana nan, da kundi, da wasiƙun ajami. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen shafi, mai kwafe littafi kuma kan rufe da sunansa da na ubansa, wani lokaci har da garinsu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta Ghana tana da ofis a Kumasi da Tamale, a Kaduna akwai ta Nijeriya da Arewa House, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa. Amma kada ka sa rai da yawa: takardun Turawa hakimai da jimillar haraji suka dame su, talaka ba ya fitowa da suna sai in shari'a ko rigimar gado ta kai shi gaban alƙali.

Ka kuma shirya wa abin da ba ka zata ba. Salga kasuwar bayi ce kamar yadda take ta goro, kuma akwai gidaje da yawa da suka zama Hausawa a zango ta hanyar aure, ko barantaka, ko bauta. In ka ci karo da haka ka rubuta yadda yake, kada ka lulluɓe shi da labarin sharifta ko zuwa daga Gabas.

DNA zai iya nuna maka ko kai da wani jininku ɗaya, in shi ma ya yi gwajin. Ba zai faɗa maka gari ko unguwa ba. Ka bar shi sai ka sami gidan da kake zargi. Ranar da ka haɗa sunan gari, sunan ubansa da sana'ar gidan, sai ka hau mota, ka fara da dagaci ko mai unguwa, shi zai haɗa ka da dattawan wurin.