Yadda masu ɗinkin New York suka ƙwaci haƙƙinsu a 1933

Tambaya: Malam, ɗinki nake yi a shagon wani, kuma iya rigar da ka ɗinka iya kuɗinka. Na ji an ce a Amurka masu ɗinki sun yi yajin aiki lokacin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, har suka yi nasara. Ta yaya, alhali kowa na neman aiki ido rufe?
Daga wata mai karatu a Kano

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni, don a gindin keken ɗinki na tashi. Na san yadda ƙafafun mahaifiyata ke kumbura idan sallah ta matso.

Ga inda gizo ke saƙar. A New York, yawancin manyan dillalan riguna ba su ke ɗinkin ba. Yadi suke raba wa ƙananan 'yan kwangila, wanda ya fi karya farashi shi ke samun aiki, shi kuma ya huce a kan matan da ke bisa keke, akasarinsu Yahudawa da 'yan Italiya 'yan ci-rani. Idan mace ta yi ƙorafi, sai ɗan kwangila ya ce shi ma haka aka ba shi. Dillali kuma ya ce bai ma san ta ba.

Ƙungiyar ƙwadagon masu ɗinkin kayan mata, wato ILGWU, ta kusa durƙushewa, ga bashi ya yi mata katutu, lokacin da David Dubinsky ya karɓi shugabancinta a 1932. A watan Yunin 1933 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar farfaɗo da masana'antu, wadda ta amince ma'aikata su kafa ƙungiya. Ba su yi sanya ba. A watan Agusta masu ɗinki kusan 60,000 suka tashi daga kan keke lokaci guda, daidai sa'ad da dillalai ke sauri su kai rigunan lokacin kaka kasuwa. Cikin 'yan kwanaki aka sasanta: aikin sa'a 35 a mako, da ƙayyadadden mafi ƙarancin albashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun bi sawun kuɗin har gindinsa. Sun sa dillalin ya ɗauki alhakin ladan da ɗan kwangilarsa ke biya. Zuwa 1934 mambobin ƙungiyar sun haura 200,000.

Don haka ke ma fara bincika wa ke ba mai shagon da kike ɗinki aiki, nawa kuma ake biyansa kan kowace riga.