Amsa: masanin ƙwarin da ya ceci rogo

Malam, ka tambaya ko akwai masanin ƙwarin da bincikensa ya amfani talaka. Akwai mana, Hans Herren ɗan Switzerland. Ya zo cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, da ke Ibadan a 1979, lokacin da wani farin ƙwaro mai kamar an barbaɗa gari yake tsotse rogon Afirka har ganye ya kanannaɗe. Maimakon feshi, sai aka nemo abokin gabarsa daga Kudancin Amurka, wani ɗan mitsitsin zanzaro mai saka ƙwai a cikinsa. Har ta jirgin sama aka riƙa sakinsa a gonaki, manomi bai biya ko sisi ba. A 1995 aka ba Herren lambar yabo ta abinci ta duniya, kuma wallahi ya cancanta.